Miyar Lamsai Ta Fi

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya watsa mutane a kanta ƙabila-ƙabila, ya ba kowa hanci ɗaya mai ƙofa biyu, amma bai sa hancin wani ya yarda da na wani ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ce Tabawa mai daddawa, ta Tudun Ɗorawa a ƙasar Kano, wadda ta taka ƙasashen gabas da ƙafarta, ta wuce Hindu, ta leƙa gefen Sin, ta dawo da ranta da hancinta. Karatuna bai wuce na sallah ba, rubutuna kuwa kamar kaza ta bi ta kan gari. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa, ni labari na zo bayarwa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bafatake ne. Ba zan rubuta sunansa ba, ban kira shi yana raye ba, ba yanzu zan fara ba. Tun muna da ƙuruciya ya taɓa bin jiragen ruwa gabas, ya daɗe har aka fara zuwa yi mini gaisuwa, sannan ya dawo a rame, bai cika son zancen tafiyar ba. Daga nan har tsufa miyata ya sha. Daddawata kuwa sai ku tambaya. Ni ke zaɓen kalwata, ni ke dafa ta, ni na san ranar da za a buɗe ta. In na daka na lailaye, kowace ɗaya sai na danna mata yatsu uku a tsakiya, don kada wata ta sayar da shirmenta da sunana.

Ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa na kaɗa masa miyar kuka irin wadda yake so. Sai ga Uwale ta shigo dubiya. Uwale ita ce mai zama gefena a kasuwa, tana sayar da wani abu da take kira daddawa. A gabanta ya kurɓi miyar nan sau ɗaya, ya ture kwanon, ya ce, "Miyar Lamsai ta fi." Bai sake wata magana ba har aka rufe masa ido.

Kafin in fita takaba magana ta gama kasuwa. Ranar da na koma na ajiye faifaina, Uwale ta ce, "Sannu da fitowa, Tabawa. Ta gida kika kawo mana ko ta Lamsai?" Mata suka kwashe da dariya. Masu saye ma suka ɗauka, in na yi tsada sai su ce ai maigidanki ma ya ce akwai wadda ta fi ta. Ba dariyar ce ta hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne mutum ya sha miyarki har haƙoransa su zube, ashe bakinsa na wani wuri.

Na rantse sai na ga Lamsai, ko a ina take a gabas ɗin da ya je. Na cika kwando da daddawa don guzuri. Ɗaya kuma, wadda ta fi kowacce kyau, na ƙulle ta a bakin ɗankwalina, na ce wannan ba ta ci ba ce, ta shari'a ce, sai na ajiye ta kusa da tasu an ga wadda za ta sunkuyar da kai.

Zancen teku ba zan ja shi ba. Ruwa ne mai yawa wanda ba ya shayuwa, na yi ta amai har na ga abin da na ci a gidanmu. Muka sauka a Samandaru, babban birni a bakin gaɓar Hindu, inda shanu ke kwana a tsakiyar hanya ba mai cewa da su kul. Ina tsaye da kwandona ban san gabas ba, sai na ji murya a bayana da Hausa tsantsa.

"Wannan wari, ko a kabari na ji shi na san Bakanuwa ta iso."

Na juya na ga wani tsoho ba haƙori, da zane ɗaure a ƙugu irin na mutanen wurin, da yatsa shida a hannun hagu. Sunansa Cindo, Bazazzagi ne, ya tsufa yana dafa wa ma'aikatan jirgi abinci, yana jin harsunan gabas kamar aku.

Na ce, "Ashe har nan bayinmu suka gudo? Ɗauki kwandon nan, bawa."

Ya ce, "Baiwa ba ta aiken ubangijinta. Ina za ki da wannan mushen?"

Na gaya masa. Ya ce ya taɓa jin Lamsai, can kan duwatsu, bayan ƙasashe da yawa da wani kogi mai tsawo. Ya ce zai raka ni in zan riƙa jefa masa daddawa a tukunya, don rabonsa da ita ya manta. Na ce ɓari ɗaya a kowace tukunya. Ya ce guda. Muka yi ta ja har rana ta karkata, muka tsaya a ɓari. Ni ba a yi mini haka.

Muka yi ta tafiya, damina ta same mu a wata ƙasa, ta bar mu a wata. Na ga abubuwa, ba zan ɓoye ba. Na ga gunki na zinariya a kwance, tsawonsa ya kai unguwa guda, mutane na ajiye masa furanni, shi kuwa ko motsi. Na ga giwa tana ɗaukar gungumen itace kamar jaki. Na ga kasuwa a kan ruwa, mata cikin kwalekwale suna miƙa wa juna kaya da sanda, ba wurin da mace za ta shimfiɗa tabarma ta yi ciniki a natse. Cindo ya yi ta cewa, "Dubi ikon Allah, baiwata." Na ce na gani, amma me za a ci?

Nan fa ake yin ta. Mutanen nan ba abin da ya tsira daga tukunyarsu. Ciyawar teku, ƙwai da aka binne har ya yi baƙi, wata dabbar ruwa mai hannu takwas ba ƙashi ko ɗaya. Kuma ba da hannu suke ci ba, da tsinke biyu, kamar masu cire ƙaya. Na ce Allah ya ba ni yatsu biyar, ba zan raina masa kyauta ba. Wata rana na ga yara na cin soyayyen gizo-gizo, na tofar da yawu.

Cindo ya ce, "Ke da kike cin fara da yaji?"

Na ce, "Fara abinci ce."

Ya ce, "Haka su ma suka ce."

A ƙasar Tambalu wata mata mai kirki ta sauke mu. Ta shigo da wani ɗan itace mai kamar bushiya, girmansa ya kai kabewa, ƙaya ta ko'ina. Da ta fasa shi na zaci masai ne ya fashe a bayan gida. Warinsa kamar an haɗa ruɓaɓɓiyar albasa da mushen ɓera an rufe a tulu. Ta ɗebo mini cikinsa a kwano, rawaya, da laushi kamar abin da ba zan faɗa ba, ta zauna tana murmushi. Ni kuwa an haife ni a gidan da ba a wulaƙanta abincin mai masauki. Na toshe numfashi na haɗiye shi da sauri don in huta, na suɗe kwanon na ajiye. Sai ta tafa hannu ta sake cika shi. Na sake shanyewa, ta sake cikawa. Idona ya kawo ruwa.

Cindo yana gefe yana lasar yatsu shida. Sai da na kusa sheƙawa lahira ya ce, "Af, na manta. A nan in kika cinye tas, cewa kika yi ba ki ƙoshi ba. Ragewa ake yi."

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da Zazzau."

Ya ce, "Kin san me ta tambaye ni ɗazu? Wai ko gawar mijinki ce kike yawo da ita a kwando, a taimaka miki a binne."

Duk wannan ina jurewa, don duk inda muka sauka sai in hura 'yar wutata, in jefa ɓarin daddawa a ruwa da gishiri, in zuba a kan shinkafarsu in ci in ji ni mutum ce. Haka har muka isa Birnin Randuna.

Tun daga nesa hancina ya gaya mini mu koma. Birni ne a bakin babban kogin da ake bi zuwa Lamsai, kowane gida da randuna jere a rana, kowace ta isa a ɓoye ƙato. Kifi suke zubawa a ciki da gishiri su rufe, su bar shi ya narke shekara da shekaru, ruwan da ya tsatso su zuba a abinci. Wanda randarsa ta fi tsufa shi ne babba. Ƙudajen garin har sun yi ƙiba ba sa tashi sosai.

Labarin kwandona ya kai kunnen Sarkin Randa, ya aiko a kai ni. Wani gajere ne mai tumbi, a zaune a tsakiyar fadawansa. Ya ɗauki daddawata ɗaya ya shinshina, ya lumshe ido. Na ce a raina, to, ga mai hankali ɗaya a ƙasar nan. Ya yi magana, aka turo wata randa mai baƙin baki da aka ɗaure da fata.

Cindo ya ce, "Ya ce kakansa ne ya rufe wannan randa. Zai ba ki ita ki ba shi kwandonki duka."

Ku da kuka san kasuwa, me mai kaya ke cewa in an yi masa tayin raini? Na kawar da kai, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Albarka!"

Sai ganga. Sai guɗa irin tasu. Fadawa suka miƙe suna ta "Albarka! Albarka!" Wasu ƙarti biyu suka sunkuci kwandona suka yi cikin gida da shi. Na duba Cindo, ya dafe kai da hannu biyu.

Na ce, "Kai, ina za su kai mini kaya? Ai na ce albarka!"

Ya ce, "Shi ne fa, Tabawa. Jiragen Larabawa sun kawo musu kalmar tuntuni. A nan in mai kaya ya ce albarka, ya sa wa ciniki albarka ke nan, ya sallama. A duniyar nan kaf mu kaɗai ne muke cewa albarka muna nufin a'a."

Na ce a gaya masa a garinmu ba haka ba ne. Cindo ya ce ba a garinmu muke ba, kuma wanda ya janye albarkarsa a gaban shaidu, hukuncinsa ya shekara yana juya randunan sarki da hannu. Na dubi randunan. Na dubi hannuna. Ni Tabawa, wadda ba a taɓa cuta a ciniki ba tun ina tallan goro, na sayar da guzurina da bakina, da murya mai ƙarfi, a kan ruɓaɓɓen kifi. Abin da ya rage mini ɗayar nan ce ta bakin ɗankwali.

Muka shiga kwalekwale da randar, don ko ita ba a yarda mu bari ba. Muna cikin wani daji inda kogin ya matse, sai ga 'yan fashin ruwa sun kewaye mu, da adduna, da jan ƙyalle a ka. Masu tuƙa mu suka faɗa ruwa suka gudu. Cindo ya fara kalmar shahada. Ni kuwa na ce in dai waɗannan mutane ne masu hanci, yau za su gane kurensu. Na ja wuƙa na yanke fatar bakin randar na buɗe.

Abin da ya fito, tsuntsaye suka tashi daga itatuwa. Ni da na buɗe sai da na durƙusa. Na ɗago ina jiran in ga sun watse, sai na ga babbansu ya ajiye adda, ya matso a hankali, ya tsoma yatsa ya lasa, hawaye na bin kumatunsa. Ashe a wurinsu wannan abin sarakuna ne, ba su taɓa ko ganin mai tsufansa ba.

Ban yi wata-wata ba, na rungume randar na karkata ta bakin kwalekwale. Na ce, "Cindo, gaya masa in ya ƙara taku ɗaya kifayen kogi ne za su sha." Suka ja da baya suna roƙo. Nan muka zauna ciniki. Suka ce rabin randa su bar mu da ranmu. Kalmar nan ta taho har bakin haƙorana, na cije ta, na ce, "Uhm-uhm." Muka ƙare a kan su za su tuƙa mu har gindin duwatsun Lamsai, kullum ludayi ɗaya, randar kuma sai mun sauka lafiya. Haka ɓarayi suka zama bayina, suna yi mini fifita. Amma warin ya shiga zanena, ya shiga gashina, har yau in hadari ya haɗu ina jin sa.

A tafiyar nan ne na san yunwa. Ba wai babu abinci ba. Shinkafa fara nake ci da gishiri, safe da yamma, wata ya fito ya mutu, wani ya fito. Bakina ya zama kamar tsumma. Wani lokaci in kwance bakin ɗankwali in shinshina ɗayar nan, yawu ya cika mini baki, in mayar in ƙulle. Cindo ya ce, "Ɗan ɓari kaɗan, don Allah, ko na lasa." Na ce shaida ba a cin ta.

Muka bar kogi muka hau duwatsu. Sun sassaƙa jikin dutse hawa-hawa kamar matakalar bene, kowane hawa da ruwa da shinkafa, har cikin gajimare. Kyau kam akwai, amma gwiwata ba ta gani ba. Da hantsi, ranar kasuwarsu, muka shiga Lamsai.

Ina sa ƙafa na ji an ƙwala mini kira.

"Tabawa! Tabawa!"

Na ce, "Na'am?"

Wata ta can gefe ta ɗauka, "Tabawaaa!" Wata ma haka. Na yi ta juyi ina amsawa kamar mahaukaciya, ba mai kallona. Sai na lura kowace mai kiran da faifai a gabanta. Talla suke yi. Na matsa na leƙa faifan. Wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne a lailaye, an shanya su sun bushe, kowane ɗaya da shaidar yatsu uku a tsakiya.

Na ɗauki ɗaya na ƙara dubawa. Na ce, "Cindo, tambaye su wa ya ba su sunana."

Aka kai mu wurin wata tsohuwa mai suna Mai-Lun, wadda ta fi kowa daɗewa a sana'ar, bayanta ya tanƙware, bakinta ja da abin da suke taunawa. Cindo na juya mini maganarta. Ta ce tun kakanninsu suna dafa wani farin wake su rufe shi da ganye ya ruɓa, su ci shi da yauƙinsa. Tana amarya sai fatake suka bar musu wani dogon baƙo, baƙar fata, zazzaɓi ya kayar da shi. Duk abin da aka kai masa sai ya kawar da kai, har suka fara neman inda za su haƙa masa rami. Ranar da ta buɗe ganyen wakenta, iska ta kai masa warin, sai ya ɗago kai ya faɗi wata kalma, ya yi ta maimaita ta. Suka ce to, haka ake kiran abin a garinsu. Da ya samu ƙarfi shi ya nuna musu a daka, a lailaye, a shanya, ya kama hannunta ya danna yatsu uku, ya ce in babu wannan ba ita ba ce.

Nan ta ƙare labarin. Ta shiga ta kaɗa miya da wani ganye, ta kawo mini a kwano.

Zan faɗi gaskiya don zan mutu. Miyar nan ba ta da kyau. Waken bai kai kalwa ba ko kusa, ba a sa kanwa ba, an yi gaggawar buɗewa, ga tsami-tsami a ƙarshen harshe. Ko Uwale ta fi su iyawa. Na kurɓa don in tofar. Sai ga tsakar gidana, da turmina, da inuwar ɗorawa, da maigidana zaune a kan buzu yana jiran in sauke tukunya. Ban san sanda na kai kwanon baki da hannu biyu ba. Tunda uwata ta haife ni ban sha abin da ya kai miyar nan daɗi ba, kuma ba ta da kyau.

Cindo ya ce a hankali, "Baiwata, hayaƙi ne ya shiga idonki?"

Na ce, "Hayaƙi ne. Rufe mini baki."

Sannan na kwance bakin ɗankwali na fito da tawa, wadda na tsallake teku da ita, na hana kaina ita ina jin yunwa. Na ajiye ta a faifan Mai-Lun kusa da tata. Ta ɗauka ta duba yatsun, ta gutsira, ta tauna. Sai ta yamutsa fuska ta tofar, ta yi wata magana, matan wurin suka yi dariya.

Na ce, "Me ta ce?"

Cindo ya ja da baya yadda hannuna ba zai kai gare shi ba. Ya ce, "Ta ce kin yi ƙoƙari, amma wannan ba tabawa ta gaskiya ba ce. In za ki zauna kwana biyu za ta koya miki."

Na gyara ɗamara zan rama. Kafin in fara, tsohuwar ta ga kwanona ya zama tas, ta ɗago ludayi tana dubana.

Na ce, "Albarka."

Cindo ya ce, "Wacce? Ta gida ko ta nan?"

Na miƙa kwanon.

Na daɗe kafin in ga Tudun Ɗorawa, Cindo ma ya biyo ni ya ce gara ya mutu inda ake tuwo. Ranar da na koma kasuwa Uwale ba ta bari na zauna ba. Ta ce, "To, 'yar tafiya, kin sha ta Lamsai? Da gaske ta fi?"

Na ce, "Ta fi."

Matan kasuwa suka juyo suna kallona, don ba su taɓa jin na sallama ba.

Ta ce, "Me suke sa mata?"

Na gyara faifaina, na jera daddawata yadda yatsun za su kalli sama. Na ce, "Ni."

Nan tafiyata ta tsaya, nan alƙalamina ya gaji. Allah ya jiƙan wanda ya kira sunana a bayan teku, ya sa kabarinsa ya fi nan daɗi. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a, wanda kuma zai yi gabas ya riƙe hancinsa, ya riƙe bakinsa.